Tulun da Gambo Ya Karɓa

Gambo ya zo duniya a bayan tagwaye, kamar yadda sunansa ya nuna, sai dai tagwayen ba su zauna ba, tun kafin yaye suka koma. Shi ya zauna, ya kuma zo da baki. A unguwarmu ta bakin tafki, nan Madarumfa, tsofaffi sun fi tsoron bakin Gambo a kan na tagwaye, wai abin da ya furta ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tun muna yara, in ya dubi akuyar wata ya ce za ta ɓace, sai matar ta biyo shi da ƙosai tana roƙon ya janye. Shi kuwa ya ci ƙosan ya janye, gobe ya nemi wata akuyar. Ni Zakari tela tare muka tashi, tare muka ci ƙosan nan, kuma ban taɓa ganin akuya ko ɗaya ta ɓata ba.

Yana cikin lekwal ubansu ya rasu, ya bar uwarsu Inna Ɗelu da goyon Rabi'u. Gambo ya ajiye karatu ya shiga lambun uban, albasa da tumatur da zogale, ya yi ta ban ruwa har ya yi wa kansa aure, ya kuma rene ƙanensa. Rabi'u ya tashi da ƙafar yawo. Bai iya zama wuri ɗaya har shayi ya nuna, don haka da ya zama direban kamiyo, babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa, kowa ya ce aikin ya sami mai shi. Gambo ne kawai bai yi murna ba. In ka ga ya yi shiru a fada, wato wurin hirarmu, yana juya salula a hannu, to Rabi'u yana kan hanya. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kada wata rana a zo a ce masa ƙanensa ba zai dawo ba.

Ban da surutu, Allah ya ba shi hannu. Duk yaron bakin tafki ya gina shanun laka, amma kowa ya girma ya bari, ban da Gambo. Da gemunsa da komai, in ya gama ban ruwa sai ya zauna ya murza laka ya fitar da doki ko kada, ya cusa a murhun matarsa Kulu ya ƙone. Kulu ta yi mita har ta gaji. Ta ce ita kaɗai ce a garin nan take kwashe toka tana tsintar jakuna.

Wasan ya shigo mana ta hannun Al'amin, ɗan Alhassan mai injin niƙa, wanda ke karatu a jami'a a Yamai. Ya zo hutu ya tarar da fadarmu a rumfar shagona, muna shan shayi muna zagin gwamnati kamar kullum. Ya fito da wasu ƙwayoyi irin na ludo, amma masu fuskoki da yawa, ya ce zai koya mana wani wasa. Mutum ɗaya ne mai labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ya tunkaro. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sannan ya jefa ƙwaya. In babbar lamba ta fito ya dace, in ƙarama ce ya sha kashi. Babu caca a ciki, babu wanda ke cinye wani. Na ce masa wannan ai tatsuniyar ƙarti ce, mu da 'ya'yanmu a gida. Kafin a sauke shayi na biyu ni ne na fi kowa ihu a kan ƙwayar.

Labarin da Al'amin ya zo da shi na ƙasar Turawa ne, rundunar mayaƙa masu farautar aljannu a cikin ƙanƙara. Gambo ya saurara kwana biyu, sannan ya ce, "Ɗan Alhassan, wagga ƙasa taku ko kuka ɗaya babu? Aljanin da ba shi da kuka ina yake kwana?" Al'amin ya yi dariya ya miƙa masa ƙwayoyin, ya ce dama shi ya fi son ya riƙe kwari da baka a kan ya riƙe labari. Daga ranar Gambo ya zama mai labari.

Ya samo babban kwali ya zana ƙasa da gawayi, kuma ƙasarmu ya zana: ga tafki, ga hanyar Sarkin Yamma, ga makabarta. Ban so hakan ba, amma na yi shiru kada a ce tsoro nake ji. Rundunar ya raɗa mata suna Mahalban Almuru, don a lokacin nan da rana ta faɗi duhu bai gama shiga ba suke fita farauta. Kibansu da ƙarfen tsohuwar hauya ake ƙera su, wadda ta sha gumin mutum. Kowane mahalbi yana da gishiri a aljihu, in ya haɗu da baƙo a daji sai ya watsa masa a ƙafa ya ga ko mutum ne. Ba su yin fito, ba su amsa kira sai sun ga mai kiran. Rantsuwarsu kuwa guda ce: ba a barin mahalbi a daji. Gambo yakan faɗe ta da wata murya mai kauri, mu kuma ƙarti mu amsa kamar da gaske.

Ya gina wa kowa mahalbinsa da laka, tsawon ɗan yatsa, ni na ɗinka musu riguna da ragowar ƙyalle. Bai yi musu fuska ba, don liman ya taɓa yi masa magana a kan gina abu mai kama da mutum. In ka gan su jere a kan kwalin, kawuna sumul ba ido ba baki, sai ka ji ba ka son ka juya musu baya.

Ranar da ake gina na Rabi'u, shi da kansa ya tuɓe takalmi ya taka danshin ƙasa a bakin randa, ya kwashe sawun nasa ya cuɗa a cikin lakar. "Yaya, sa wannan, don shi zam ni sosai," in ji shi. Babu ɗan garin nan da bai san abin da ake yi da ƙasar sawun mutum ba. Iyayenmu mata suna share sawun amarya da na jariri mai koyon tafiya don gudun masu mugun nufi. Amma nan shi ya ɗebo da hannunsa, kuma hannun wansa ya ba, wa zai cuce shi? Muka yi dariya, Gambo ya ce, "Kai dai ba ka da hankali," ya ci gaba da murzawa.

Akwai ƙa'idar da Gambo bai taɓa sakaci da ita ba. Bayan la'asar muke farawa, kuma kafin ladan ya kira magariba sai ya rufe wasa. Ko ana tsakiyar yaƙi ne sai ya nemo dabarar da zai maido mahalba gida, ya kira sunan kowa ya ji ya amsa, ya ce an rufe ƙofa, sannan ya kife faifai a kan mutanen lakar. Mukan yi masa ba'a, shi kuwa ya ce bai barin mutane a waje da almuru, ko da na laka ne.

Ana gab da faɗuwar damina ya kawo mana Mai Jiƙaƙƙen Zane. Ya gina ta doguwa siririya, da ɗan tulu a gabanta, ya ajiye ta a bakin tafkin kwali. Mahalbin Rabi'u ne ya fara isowa. Gambo ya sirantar da murya ya ce, "Bawan Allah, aza mani."

"Gishiri, Rabi'u!" in ji Al'amin. "Watsa mata gishiri tukun."

"Mace ta roƙe ni in aza mata tulu, in tsaya laluben gishiri? Inna ba ta haihe ni haka ba," in ji Rabi'u. Ya jefa ƙwaya, ta yi ta juyi ta tsaya a kan ɗaya.

Gambo ya aza ɗan tulun a kan mahalbin Rabi'u, ya gyara zama, daɗin labari ya kama shi. "Kun ɗaga tare. Amma ba bisa kanta ya sauka ba, bisa kanka ya sauka, hannuwanka sun liƙe da shi. Ta shige gaba kana biye, ruwa ya kai maka gwiwa."

Na tambaye shi yadda za mu ƙwato shi. Ya ce, "Kibiya ba ta kama ta. Ba ta sakin mai ɗaukar mata tulu sai wani ya karɓa da yardarshi. Kuma in ruwan ya zube, wanda ya hwara ɗauka shi za ya koma ɗibo, ba ya kuwa hitowa." A wurin ya ƙirƙiro wannan, ina kallon bakinsa yana murmushi.

Bai rufe baki ba iska ta taso daga gabas. Hadarin farko ne na shekara, ya zo da fushi, ya ɗage tabarmar rumfata ya wurga bayan masallaci. Na ruga kwashe ɗinkin mutane, Al'amin ya ruga gida, Rabi'u ya tuna kayan kamiyonsa a buɗe suke. Gambo ya bi shi da kira, "Zamna in maido ka gida tukun!" Rabi'u ya waiwayo a cikin ƙura yana dariya. "Bar ni wurinta, Yaya, in ɗan huta da hwaɗanka!" Ruwa ya kece. Gambo ya tattara mutanen lakar a ƙwarya ya rufe da rigarsa, ya tafi gida yana ƙunƙuni.

Washegari gari ya tashi da shuka. Wanda ya san damina ya san babu mai zaman fada a lokacin, kowa yana gona daga safe har yamma, a dawo a zube. Rabi'u ya yi lodi ya tafi. Wasan ya kwanta yadda aka bar shi.

Ba a gama noman farko ba wani direba ya kira Gambo daga Ɗan Issa. Sun wayi gari a layin duwan, wato kwastan, motoci sun matsa, kamiyon Rabi'u bai matsa ba. Da suka leƙa sai suka same shi zaune a miƙe, ido buɗe, hannuwansa biyu a sama daidai kunnuwa kamar mai riƙe da kaya a ka. Ba ya magana, ba ya jin kira. Wandonsa a jiƙe yake sharkaf har gwiwa, alhali ba a yi ruwa a can ba.

An yi duk abin da ake yi. An kai shi likita a nan, aka wuce da shi Maraɗi, aka yi ƙarin ruwa da allurai da hoto. Lokotoro, babban mai duba marasa lafiya, ya ce mai yiwuwa masassara ce ta hau masa kai, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa, zazzaɓin ya sauka. Hannuwan ne ba su sauka ba. In ƙarti biyu suka danne su ƙasa, da an saki sai su koma sama a hankali. Aka dawo da shi ɗakin Inna Ɗelu, malamai suka yi ta tofi da rubutu. Da cokali ake ɗura masa kunu. Kullum Kulu sai ta canza masa tufafi, kullum sai ta same su a jiƙe, kuma danshin hawa yake yi. Ya bar gwiwa ya kai ƙugu. Ɗakin ya ɗauki warin lakar tafki, irin wanda ke tashi in ruwa ya ja baya.

Mu da muka zauna a rumfar nan babu wanda ya ce uffan a kan wasa. In na haɗu da Al'amin a masallaci sai kowa ya dubi takalminsa. Gambo ya daina zuwa lambu, ya rame, bakin nan da ba ya hutawa ya mutu. Na tausaya masa ƙwarai, kuma ina jin haushinsa, don shi ya zana mana tafkin gaske a kan kwali.

Wata rana da hantsi ya shigo shagona da ƙwaryar a hannu, ya ajiye a kan keken ɗinki. Kulu ce ta sauko da ita daga kan katanga tana neman abin awo. Duk mutanen lakar a bushe suke ƙamas, sun sha wuta sun sha rana. Na Rabi'u kaɗai ne a jiƙe har ƙirji, rigar da na ɗinka masa tana ɗiga. Na taɓa shi da ɗan yatsa, sanyi kamar ƙasan randa. Na ce ya fitar mani da abin nan daga shago.

"Danshin ya kai mashi ƙirji yau da sahe," in ji Gambo. "Kira ɗan Alhassan. Sai mun buɗe wasan nan."

Al'amin ya zo jikinsa a sanyaye. Ya ce, "Baba Gambo, ai kai ne mai labari. Ka ce ta mutu, shi ke nan. Mai labari abin da ya ga dama yake yi." Gambo ya shimfiɗa kwalin, ya ɗaga murya ya ce Mai Jiƙaƙƙen Zane ta mutu, ya ɗauki dutsen gugar shagona ya murƙushe ta. Ba a jima ba salularsa ta yi ƙara, Kulu ce tana kuka, wai Rabi'u yana ɗaga haɓa yana haki kamar wanda ruwa ke shirin rufewa. Gambo ya durƙusa ya tsince gutsattsarin nan ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da ɗanyar laka, ya sake gina ta. Da ya tsayar da ita a bakin tafkin kwali, Kulu ta sake kira ta ce numfashin ya daidaita.

Sai muka koma ga ƙwaya. Mahalbina ya jefa igiya, ƙaramar lamba. Na Al'amin ya shiga jirgi ya bi su, ƙaramar lamba. Muka yi sallar azahar muka dawo, muka yi la'asar muka dawo, muka canza ƙwaya, muka canza hannu, har na aika aka aro ta ludo a maƙwabta. Ban taɓa ganin ƙananan lambobi sun bi juna haka ba. Inuwar rumfa ta yi tsawo ta haura hanya.

Gambo ya ture ƙwayar gefen kwalin. Can ya ce, "Ni na ce ba ta saki sai wani ya karɓa. Ni kuma na ce ba a barin mahalbi a daji. Ko ba ni na ce ba?"

"Wasa ne, Gambo," na ce masa, ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba.

Al'amin ya ce mahalbinsa zai karɓa. Gambo ya girgiza kai. "Naka laka ce zalla, ba ta so. Kuma ko da tana so, mi zan ce ma Alhassan?"

Mai labari ba ya da mahalbi, haka wasan yake, don shi ke riƙe da duniyar duka. Gambo ya tashi ya zuba ruwan buta a ƙasa, ya tuɓe takalmi, ya taka. Ya kwashe sawunsa tas, ya cuɗa ya murza, ya fitar da ɗan mutum ɗanye marar riga, ya tsayar da shi kusa da na ƙanensa. Sannan ya taso daga wurin zamansa ya nuna mani.

"Koma nan, Zakari. Mahalbi ba ya yi ma kanshi labari."

"Ni tela ne, ban iya ba."

"Ba wani abu za ka yi ba. Abin da ta ce za ka hwaɗa."

Na zauna a wurinsa don babu yadda zan yi. Na yi bisimilla a zuci, na dubi doguwar lakar nan marar fuska, na buɗe baki da niyyar in kwaikwayi muryar da Gambo ke yi. Warin tafki ya cika rumfar. Abin da ya fito daga bakina siririyar murya ce mai sanyi, ba ta Gambo ba, ba tawa ba, kuma ban shirya kalmomin ba. "Bawan Allah, ina da mai ɗauka." Al'amin ya ja da baya har ya ture butar shayi. Ni kuwa tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"Sauke mashi," in ji Gambo. "Yaro ne, ya gaji. Ni zan ɗauka."

"Da yardarka?"

"Da yardata."

Ba a jefa ƙwaya ba. Ya sa yatsa biyu ya cire ɗan tulun daga kan mahalbin Rabi'u, ya aza a kan nasa, ɗanyar lakar ta ɗan lotsa. Sai ya ce mani in yi maza in rufe, rana ta kusa faɗuwa. Na maido mahalba gida, na kira nawa na amsa, na kira Al'amin ya amsa, na kira Rabi'u muka ajiye nasa a cikin gari. Na ce, "Kai hwa?" Ya ce, "Ruhe da waɗanda ke nan." Na ce an rufe ƙofa, na kife faifai, nasa yana waje a bakin ruwa.

Kafin a kira salla sai ga Kulu a guje, ko mayafi babu. Ta ce Rabi'u ya sauke hannu, ya ce wuyansa na ciwo, ya ce a ba shi fura. Al'amin ya fashe da kuka, ni ma na yi. Gambo ya ce alhamdu lillahi, ya miƙe a hankali, bayansa a tsaye kyam, kansa bai karkata ko kaɗan ba. Haka ya taka har gida, ƙafa bayan ƙafa, bai waiwayo ba.

Rabi'u ya warke sarai, ya yi ƙiba, ya yi aure, har yau yana tuƙi. Bai tuna komai ba sai sanyi da nauyi. Gambo kuwa tun ranar bai sake sunkuyar da kai ba. Lokotoro ya ce ƙashin wuya ne ya sandare, ya ba shi abin shafawa, ya shafa don kada a ce ya ƙi magani. In ka kira shi daga gefe, duk jikinsa yake juyowa. A lambu durƙusawa yake yi a miƙe yana laluben albasa da hannu, idonsa na can nesa. A zaune yake salla yana nuni da ido, liman ya ce lalura ce, Allah ya sani. A jingine da bango yake barci. Dariya ma ya rage, wai tana girgiza mutum. Ni da idona na sha ganin siririn ruwa yana gangaro masa ta bayan kunne a tsakiyar rani, yana kuwa zaune a inuwa.

Wasan ba mu sake shi ba. Kwalin da mutanen lakar suna ɗakin Gambo a inda babu mai taɓawa. Da Rabi'u ya ji yadda aka yi, ya zo ya durƙusa a gabansa ba takalmi, ya ce, "Yaya, ba ni in ɗauka ko na yini guda, ka huta." Gambo ya ce, "Tashi ka sa takalminka. Ba shi da nauyi." Ƙarya yake yi, jijiyoyin wuyansa kamar igiyar guga suke. Rabi'u ya sha dawowa da wannan roƙo, amsar ba ta canza ba.

Bara da kaka Inna Ɗelu ta rasu, bayan ta ga 'ya'yan Rabi'u. Aka yi mata salla da hantsi, muka ɗauke ta zuwa makabarta. A wurinmu 'ya'ya ne ke shiga kabari su karɓi uwarsu, babban shi ke riƙe kai. Da aka sauke makara mutane suka buɗa wa Gambo hanya. Ya tako har bakin ramin ya tsaya. Na ga ƙafarsa ta ɗaga kamar zai sauka, na ga Rabi'u a ƙasa ya miƙo masa hannu. Shiga kabari kuwa sai da sunkuyo. Ya daɗe a haka, sannan ya mayar da ƙafar inda take.

"Karɓe ta, Rabi'u," ya ce. "Zakari, taimaka mashi."

Na sauka muka kwantar da ita. Da na fito na tsaya kusa da shi, yana nan a miƙe, fuskarsa na duban bishiyoyin da ke hayin tafki, hawaye na zuba bai share ba. Ana jera itace, ana miƙo laka. Ya laluba ya kama hannuna ya matse.

"Zakari, ban gani," ya ce a hankali. "Hwaɗa mani. Sun gyara mata kai? Huskarta na duban gabas?"

Na ce masa an gyara, tana duban gabas.

"Tau, ci gaba da hwaɗa mani," in ji shi. "Kar ka tsallake komi."